An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Zargin Duba Da Katin Hoto

Wani saƙon murya yana yawo a wayoyin mutanen Daura da kewaye, daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan. A cikinsa wani bawan Allah da bai ga damar faɗin sunansa ba ya ɗauki lokaci yana tsine wa matasan da suka karanci ilimin halayyar ɗan Adam, waɗanda ke zama da masu damuwa suna saurarensu. Laifinsu a wurinsa shi ne, cikin kayan aikinsu akwai katunan hoto da suke shimfiɗa wa mutum, ya zaɓi ɗaya ya yi magana a kansa. Ya ce duba ne aka sanya wa kwat da wando. Ya ce shirin Turawa ne na raba mu da tawakkali, ya ce tonon asirin gidaje ne, ya ce hanyar cin kuɗi ce. Wannan rubutu ba dominsa aka yi shi ba, domin wanda ya ɓoye sunansa ya riga ya nuna iyakar amincewarsa da maganar bakinsa. Jama'ar da aka tura wa saƙon, waɗanda wasunsu suka tura shi gaba da kyakkyawar niyya, su ne ke da haƙƙin jin ɗaya ɓangaren, kuma su ne alƙalai.

Babban zarginsa shi ne duba, don haka a nan za mu daɗe. Kowane Bahaushe ya san yadda duba yake. Mutum ya je wurin mai bugun ƙasa, a baje yashi a faifai, a ɗiɗɗiga layuka, ko a watsa wuri, sannan a gaya masa abin da ke ɓoye: wanda ya sace masa akuya, matar da ta yi masa sammu, ko fataucin da zai fita zai yi riba. Jigon al'amarin shi ne da'awar sanin gaibu. Saboda wannan da'awa Alƙur'ani ya haramta neman rabo da kibau a Suratul Ma'ida. Saboda ita hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya yi gargaɗi cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi, sallarsa ta kwana 40 ba karɓaɓɓiya ba ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a cikin Nurul Albabi, ya yi kakkausan hukunci a kan masu riya sanin gaibu ta zanen ƙasa da lissafin taurari. Babu Musulmin da ke jayayya da wannan, har da matasan da ake zargi.

Yanzu a duba abin da ke faruwa a zaman da ake sukar. Ana shimfiɗa katuna masu ɗauke da hotuna irin na yau da kullum: ƙofa a rufe, hanya ta rabu biyu, rijiya, tsuntsu a keji, mutum zaune shi kaɗai a gindin bishiya. Sai a ce wa mai damuwa ya ɗauki wanda ya fi kama da yadda yake ji, a tambaye shi me yake gani. Shi ne zai yi magana, mai ba da shawara ya yi shiru ya saurara. A wurin ɗan duba, mai yashi ne ke magana, baƙo na gyaɗa kai, kuma zancen duk a kan gobe yake ko a kan asirin wani. A nan kuwa zancen a kan abin da ya riga ya faru da mutum ne, wanda shi kaɗai ya san ɗacinsa. Fitattun katunan da ake wannan aiki da su a duniya, waɗanda ake kira OH, wani mai zane mazaunin Kanada, Ely Raman, ya ƙirƙiro su, aka fara buga su a 1981: hotuna 88, kalmomi 88. Ƙa'idarsu ita ce babu wani kati da ke da fassara tabbatacciya, babu wanda ke da ikon fassara wa wani katinsa, kuma wanda bai son magana yana iya ajiye katin ya yi shiru. A nuna mana bokan da ya taɓa ce wa baƙonsa: ni ban san komai ba, kai ne ka sani. Ranar da ya faɗi haka, ranar sana'arsa ta mutu.

Akwai katunan duba a duniya, wannan gaskiya ne, kuma mai saƙon ya san da su, shi ya sa ya cakuɗa su da waɗannan da gangan. Akwai na tarot, akwai ire-irensu da ake tallatawa a intanet da sunan saƙon mala'iku ko saƙon duniya, inda wata mata za ta juya kati a TikTok ta ce wanda ya gudu ya bar ki zai dawo cikin wata uku. Wannan duba ne tsagwaronsa, ko an yi shi da Turanci ko da Hausa, kuma hukuncinsa ɗaya da na mai faifan yashi. Masana halayyar ɗan Adam ɗin da ake zagi su ne ma suka fallasa yadda wannan yaudara ke aiki. A 1948 wani malami a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwaji, ya ba kowanne takarda ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai, ya nemi su auna dacewarta daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin da suka bayar ya haura 4. Daga baya ya bayyana musu cewa takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma ya tsinto jimlolin ne daga wani littafin taurari da ya saya a wurin mai sayar da jarida. Sirrin boka ke nan daga Daura har Landan: ya faɗi maganar da ta dace da kowa, kai kuma ka cika ta da labarinka, ka biya shi. Ilimin da ya tona wannan asiri shi ne yau ake kira bokanci.

Idan kuwa hujjar ita ce kamannin kayan aiki, to sai a ci gaba da ita har ƙarshe. Akwai 'yan duban da ke amfani da carbi. Akwai masu tsibbun da ke amfani da allo da tawada da alƙalami, irin waɗanda ɗan makarantar allo ke rubuta darasinsa da su. Ba mu taɓa jin an ce a ƙona carbi ko a fasa allo saboda haka ba. Ana hukunta abin da aka yi da'awa da shi, kuma mai saƙon bai kawo mutum ɗaya da aka gaya wa gobensa a irin wannan zama ba.

Zargi na gaba shi ne wai abin daga Turawa ya zo. Wannan ya fi kowanne rauni, domin tarihi ya juya masa baya ta fuska biyu. Ita kanta karta ta shiga Turai ne a ƙarshen ƙarni na 14 daga Masar ta zamanin Mamluk, kuma har yau akwai tsofaffin katunan nan a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul. Tarot ya fara ne a arewacin Italiya a ƙarni na 15 a matsayin wasa kawai, sai a ƙarshen ƙarni na 18 wasu Faransawa suka jingina masa asiri, musamman bayan rubutun Court de Gébelin na 1781. Ta ɗaya fuskar kuma, bugun ƙasan da ake ɗauka namu ne na gado, shi ma baƙo ne: ta hanyar littattafan Larabawa da malaman Arewacin Afirka ya iso mana, da gidajensa 16. Ashe akwai baƙon abu mai cutarwa da muka rungume har muka manta baƙo ne. Inda abu ya fito ba ya halatta shi, ba ya haramta shi.

Kuma ma wa ya ce kula da ciwon zuciya ƙirƙirar Turawa ce? Abu Zaid al-Balkhi, almajirin al-Kindi, wanda ya rasu a shekara ta 934, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, ya ware sashe guda a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani dalili bayyananne ba, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Ya kuma yi bayanin cewa mai damuwa yana buƙatar taimako daga cikin kansa, yana kuma buƙatar wani mai hankali daga waje da zai yi masa magana. Shekara dubu ke nan kafin Christiana Morgan da Henry Murray su fito da gwajinsu na ba da labari a kan hoto a Jami'ar Harvard a 1935. Duban kai da yi wa kai hisabi kuwa, babi ne sananne a Ihya'u na Imamu Gazali, littafin da ake karantawa a zaurukan malamanmu. Mai saƙon ya yi ta ambaton magabata, amma da alama bai taɓa buɗe waɗannan ba.

Sai batun tawakkali. Ya ce Musulmi na gari ba ya kai kukansa wurin mutum, haƙuri ya ishe shi, ya kuma kawo karin maganar nan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan ita ce maganarsa mafi haɗari, domin ita ce mafi daɗin ji. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yakubu, wanda baƙin cikin rabuwa da Yusufu ya sa idanunsa suka yi fari, bai kuma fita daga sahun masu kyakkyawan haƙuri ba. Malaman sira sun sanya wa shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu suna Shekarar Baƙin Ciki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da shari'a ta hana shi ne fushi da hukuncin Allah da kururuwa da yaga tufafi. Ba ta hana mutum ya ce zuciyata na ciwo ba, kamar yadda ba ta hana mai hawan jini zuwa Babban Asibitin Daura a auna shi ba. Da mai saƙon zai tashi da zazzaɓi gobe, ba ma shakka zai sha magani ya kuma yi addu'a, ba zai ga wani saɓani a tsakani ba.

A nan ne ma amfanin hoton yake, kuma ya fi dacewa da mu fiye da Turawan da ake cewa nasu ne. Mu mutane ne masu kunya da kawaici. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta zauna gaban baƙo ta ce kewarsa na hana ta barci. Magidanci da aka karɓe masa shanu, aka sa ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ba zai buɗe baki ya ce tsoro yake ji ba, ko da kuwa ƙarar babur na sa shi zabura. Matar da ta fita takaba, an yi mata gaisuwa kwana bakwai, an yi sadakar arba'in, ta cika wata huɗu da kwana goma, kowa ya watse, ita kuma ciwon sai lokacin ya fara. Ka tambayi kowannensu yaya jiki, amsa ɗaya ce: lafiya lau, alhamdu lillahi. Amma ka miƙa wa matar nan hoton mutum zaune shi kaɗai, ka ce me kike gani, sai ta ce wannan mutumin kowa ya tafi ya bar shi, yana tunanin yadda zai ciyar da yara. Ta faɗi abin da ke ranta ba ta keta alkunya ba, domin a zahiri zancen wani take yi. Kakanninmu sun san wannan dabara tun kafin a buga kati: da tatsuniya da habaici da zaurance da sanya wa kishiya magana ta bakin akuya, duk hanyoyi ne na faɗin abin da baki ke nauyin faɗa kai tsaye.

Game da cewa hoto haramun ne, saɓanin malamai a kan hoton da ba mutum-mutumi ba sananne ne, kuma wanda ke da damuwa da haka akwai katunan da babu mai rai a cikinsu, sai hanya da kogi da gini. Mutumin da ke ɗauke da takardar naira da katin zaɓe a aljihu ba shi ne zai tayar da wannan ƙura ba.

Inda rashin gaskiyar saƙon ya fi fitowa fili shi ne inda ya ce mu muna da hanyarmu ta gyaran masu matsala, ba mu buƙatar wata. Mutanen Daura ba su manta ba. A watan Oktoba na 2019, 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Sabon Garin Daura, suka fito da mutum 67, yara da manya, da yawansu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. Rundunar 'yan sandan Jihar Katsina ta ce fiye da mutum 300 ke tsare a wurin kafin su yi bore wasu su tsere, kuma gidan ya shafe shekaru masu yawa yana aiki. Makonni kaɗan kafin nan an buɗe irinsa a Rigasa ta Kaduna, kwanaki kaɗan bayan na Daura aka rufe wani a cikin birnin Katsina. Iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu, suka biya kuɗi, ba don mugunta ba, sai don ba su ga wata ƙofa a buɗe ba. Daga cikin waɗanda ake kira kangararru akwai masu shaye-shaye, akwai masu taɓin hankali, akwai yaran da wani abu ne ya same su ba wanda ya taɓa zama ya tambaye su. Shekara da shekaru ana jin ƙarar sarƙa a tsakiyar gari, ba mu ji saƙon murya ko ɗaya yana yawo a kan haka ba. Yau da aka samu masu zama su saurari yaro kafin ya kai matakin da za a ɗaure shi, sai ga kishin addini ya motsa. Jama'a su auna wannan kishi da kansu.

Kuma buƙatar ba ƙarama ba ce. Masarautar Daura, da ƙananan hukumominta biyar, Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, ta fi yammaci da kudancin jihar samun sauƙin 'yan bindiga, amma ba tsibiri ba ce. A ranar 1 ga Mayu 2019 aka ɗauke Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kusan mako guda a daji. Waɗannan su ne waɗanda duniya ta ji labarinsu. Ban da su akwai na Batsari da Jibiya da Safana da Faskari, waɗanda suka watsu cikin garuruwa wurin dangi da abin da suka gani a cikin kawunansu. A ɗaya gefen, likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma manyan asibitocin wannan fanni da mutanenmu suka sani suna Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. Har zuwa farkon 2023, lokacin da aka sanar cewa marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari, ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, ƙasar nan na aiki ne da dokar mahaukata ta 1958 da Turawan mulkin mallaka suka bari, wadda hankalinta ya fi karkata ga tsarewa. Abin mamaki, tsohon tsarin ɗauri da kullewa da mai saƙon ke kira namu ya fi kama da wannan doka ta Turawa fiye da abin da yake suka.

Ba wanda ya ce kati magani ne. Takarda ce mai hoto, aikinta ta buɗe baki. Wanda ke jin muryoyi, ko ya daina ci da barci, ko ya fara zancen kashe kansa, wurin likita za a kai shi, kuma duk mai ba da shawarar da ya san aikinsa haka zai yi. Wanda ya riƙe irin wannan mara lafiya yana juya masa hotuna ya ci amanar sana'arsa, ya cancanci a tsawata masa. Wannan gyara ne da ya kamata a yi ta nanatawa, sai dai mai saƙon bai yi shi ba, domin gyara ba shi ne abin da ya fito nema ba.

A ƙarshe a jera maganganunsa gefe da gefe a ga yadda suke cin junansu. A farkon saƙon ya ce katunan shirme ne, wasan yara ne da ba ya tsinana komai. Kafin ya kai tsakiya ya ce aljanu ne a cikinsu masu juya hankalin mata. Ya ce ƙungiyoyin waje ne ke zuba wa matasan nan daloli, sannan ya ce talakawa suke tatsa. Ya ce suna tona asirin gidaje, alhali ƙa'idar farko ta wannan aiki ita ce riƙe sirri, kuma shi ne ya ɗauki zancen matan mutane ya watsa wa dubban wayoyi. Ya ce yana da shaidu, bai ambaci ko ɗaya ba, bai faɗi rana ba, bai faɗi unguwa ba. Abu ba ya zama shirme mara amfani kuma ya zama sihiri mai ƙarfi a lokaci guda, sai a bakin wanda ya yanke hukunci tun kafin ya nemi hujja.

Jama'a na da ma'auni mai sauƙi da za su gwada kowa da shi, mai kati ne ko mai faifai ko mai allo. Ya ce ya san gobenka ko asirin wani? Ya ɗora laifin halin da kake ciki a kan kishiya ko maƙwabci ko ɗan'uwa? Ya hana ka zuwa asibiti, ko ya ce kada ka gaya wa kowa ka zo wurinsa? In an samu ɗaya daga cikin waɗannan, a tashi a bar wurin. Shi kuma mai saƙon, in yana da hujjar cewa an yi wa wani duba da sunan ba da shawara, fadar Mai Martaba Sarkin Daura a buɗe take, ga Hukumar Hisba ta Jihar Katsina, ga kotu. Ya fito da sunansa, ya kai shaidunsa, za mu kasance cikin masu mara masa baya. Kafin ya yi haka, zarginsa ƙazafi ne, kuma duk wanda saƙon ya iso wayarsa muna roƙonsa kada ya tura shi gaba.